Daga Zauren Makaɗi Zuwa Sitidiyo: Rayuwar Mawaƙi a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Jawabin baƙo mai jawabi a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Gabatarwa

Lokacin da shugabannin wannan ƙungiya suka aiko mini da takardar gayyata, na ɗauka za a ce in yi magana a kan makaranta ko asibiti ko rijiyar burtsatse, kamar yadda aka saba. Da suka bar mini zaɓi, sai na ce zan yi magana a kan mawaƙi. Na san a cikinmu akwai wanda zai ce a ransa: ana ta kai wa ke ta kaya? Ƙauyukanmu suna fama da rashin tsaro, manoma sun bar gonaki, shi ne za a tara mu a yi mana zancen kiɗa? Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ina roƙon mai ita ya yi mini haƙuri har in kai ƙarshe. Abin da nake son nunawa shi ne, a cikin dukiyar da wannan ƙasa tamu take asara a yau, akwai wadda ba a ƙirga ta a jarida, wato muryoyin mutanenmu da tarihin da ke cikinsu.

Bari in fara da abin da ya same ni. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe ɗakinsa a Tsafe muka tarar da kwali cike da kaset-kaset da ya yi shekaru yana tarawa. Rufin ɗakin ya yi yoyo, gara ta ci kwalin, zaren mafi yawansu ya manne. 'Yan kaɗan ne suka yi magana. A cikin ɗaya na ji muryar wani makaɗin noma yana zuga samari a wajen gayya, yana kiran sunayen gidaje da gonakin da na sani tun ina yaro. Babu suna a jikin kaset ɗin, babu shekara. Na zagaya wajen tsofaffi, wanda ya fi kowa sanin abin ya riga mu gidan gaskiya da wata biyu. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, domin na yi shekara ashirin ina cewa sai na samu lokaci.

Ƙasar da ta haifi makaɗa

Duk wanda ya san waƙar baka ta Hausa ya san cewa ƙasar Zamfara da maƙwabtanta su ne rumbunta. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Ibrahim Gurso ya yi zamaninsa a Talatar Mafara. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Kassu Zurmi ya riƙe nasa fage na mazaje. A nan Gusau an yi Sani Ɗan'indo, a Kanoma an yi Sani Sabulu. Amma mutum biyu nake son mu tsaya a kansu, saboda rayuwarsu ta ratsa garuruwan nan uku da suka tara mu.

Na farko shi ne Salihu Jankiɗi. An haife shi a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu a cikin ƙarni na 19, a gidan da kiɗa yake gado. Ya zauna a Gusau yana yi wa Sarkin Katsinan Gusau Muhammadu Mai'akwai kiɗa, daga baya ya koma Sakkwato, inda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Allah ya yi wa Jankiɗi tsawon rai ƙwarai, ya rasu a 1973. Ku duba wannan tafiya: yaron ƙauye daga Rawayya ya zama shugaban makaɗan fada mafi girma a ƙasar Hausa. Gusau ce ta zame masa matakala, kuma ba abin mamaki ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso, garin ya zama matattarar 'yan kasuwar gyaɗa da auduga, kuma a nan ne aka turo Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato a 1938 don ya kula da gundumomin gabas. Inda sarauta da dukiya suka haɗu, nan makaɗi yake sauke kayansa.

Na biyu shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Shi ma gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma daɗe yana bin yayansa Abdu Kurna a matsayin Daudun Kiɗi kafin ya ja nasa ayari. Ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun waƙa, ya yi wa Sardauna, ya yi wa sarakunan Arewa da dama. Mu mutanen Tsafe kuwa, muna da bashin da ba za mu iya biyansa ba, domin waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu ta kai sunan garinmu inda ƙafarmu ba ta taɓa zuwa ba. Na sha faɗin sunan garinmu a wata ƙasa, mutum ya yi murmushi ya ce ya san shi a bakin Ɗanƙwairo.

Yadda ake ƙulla waƙa a da

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, waɗannan waƙoƙi ba a tsaye ake ƙaga su gaban sarki ba, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Makaɗin fada yana da ƙungiya: shi ne jagora, ga 'yan amshi waɗanda su ne kuma suke riƙe da kotso ko taushi, ga sanƙira mai share fage da kirari. Kafin a fita da sabuwar waƙa, akan keɓe a zaure, sau da yawa da dare bayan sawu ya ɗauke. Jagora ya kawo gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi. A juya shi, a ɗora shi a kan kiɗa, a ga ko ya zauna. In bai zauna ba a sauya kalma, ko a sauya karin. Sai gindi ya kafu sannan a shiga ƙulla ɗiya ɗaya bayan ɗaya.

Kayan da ake gina ɗiyan kuwa, nemo su ake yi. Sai an san asalin wanda za a yi wa waƙa, iyayensa da kakanninsa, garuruwan da suke ƙarƙashinsa, barorinsa da abokan hamayyarsa. Wannan bincike ne na sosai, domin makaɗin da ya kuskure nasabar sarki a bainar jama'a ya jawo wa kansa abin kunya. Daga nan ake sanin inda za a sa yabo, inda za a sa zuga, da inda za a saki habaici ko zambo ga ɗan sarkin da yake harin gadon sarauta. Ɗan amshi mai basira yakan jefa kalma, jagora ya ji ta yi, ta shige cikin waƙa har abada ba tare da an san mai ita ba. Haka za a yi ta maimaitawa dare bayan dare, ba takarda ba alƙalami, har kowa ya san inda zai karɓa, inda zai yi ƙari, da inda zai yi shiru.

Idan muka yi amfani da harshen yaranmu na yau, wannan zaure shi ne sitidiyo, zaman dare shi ne gwaji, ƙirjin 'yan amshi kuwa shi ne ma'ajiyar sauti. Shi ya sa makaɗi yake ɗaukar 'yan amshinsa kamar iyalinsa: ci da sha da sutura da aure duk suna wuyansa, kuma in an samu kyauta, doki ne ko riga ko kuɗi, akwai yadda ake rabo bisa matsayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo da kunnen basira ya san cewa rabin daɗin waƙar yana cikin yadda mutanensa suke tarbe magana tun kafin ta faɗi ƙasa.

Zuwan na'ura

Na'urar ɗaukar magana ta sauya wannan rayuwa sannu a hankali. Da farko faifan garmaho ne, wanda kowace fuska tasa ba ta wuce 'yan mintoci, don haka waƙar da ake kwashe rabin sa'a ana yi a fada dole a datse ta. Sai gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, ya riƙa gayyatar makaɗa yana ɗaukarsu, ma'aikatansa kuma suna bin su har garuruwansu. Rediyon Rima ta Sakkwato ita ma ta yi nata ƙoƙari. Yawancin abin da muke ji a yau na Jankiɗi da tsararsa, albarkacin irin wannan ɗauka ne. Mu lura kuma, an ɗauki Jankiɗi ne bayan ya manyanta. Waƙoƙin ƙuruciyarsa, da na makaɗan da suka riga shi, sun tafi tare da waɗanda suka haddace su.

Daga shekarun 1970 kaset ya yaɗu, kowa ya zama mai ɗauka. Wannan ya yi amfani ya kuma yi ɓarna. Amfaninsa shi ne waƙa ta fita daga fada ta shiga tasha da shago da gona. Ɓarnarsa kuwa ita ce mai kwafa a kasuwa ya ci riba, makaɗi da iyalinsa ba su ga ko kwabo ba. Makaɗan da ba su damu ba, domin a ganinsu abincinsu yana hannun ubangida, kaset kuwa talla ce kawai.

A nan ya wajaba mu jinjina wa ɗanmu Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya bi makaɗa da iyalansu gida-gida, ya rubuta tarihinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya keɓe wa Salihu Jankiɗi littafi sukutum, ya kuma shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Ba don irin wannan aiki ba, da yau sai dai mu yi ta musu a kan inda aka haifi wane. Amma mutum ɗaya ba zai iya kwashe abin da ke ƙasar nan ba, kuma bai kamata mu bar masa ba.

Mawaƙin yau da sitidiyo

A tsakiyar shekarun 1990 fiyano ya shigo Kano tare da masana'antar finafinan Hausa, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce take sayar da fim. Tun daga lokacin aka samu sabon nau'in mawaƙi. Ba ya gadon kiɗa, ba shi da ubangida ɗaya, kuma sau da yawa ya yi makaranta. Yana rubuta baitocinsa a littafi ko a waya. Idan kari ya zo masa, ko a kan babur yake, sai ya tsaya ya rera shi a wayarsa don kada ya gudu. Wannan ɗaukar gwaji ita ce jarinsa. Ita zai kai wa mai kiɗa a sitidiyo, mai kiɗa ya saurara ya gina kiɗa a fiyano da kwamfuta, a ɗauki muryar mawaƙi ita kaɗai, a kira mai amshi a ɗauki tata daban, wani lokaci ma ba su taɓa haɗuwa ba. Daga nan a tace, a daidaita, a fitar.

Kada mu raina wannan aiki. Yaron da ya iya auna baiti, ya riƙe amsa-amo daga farko har ƙarshe, ya zauna da mai kiɗa sa'o'i suna gyara gaɓa ɗaya, ma'aikaci ne kamar kowane ma'aikaci. A cikinsu akwai masu begen Annabi, akwai masu waƙar aure, akwai masu faɗakarwa kan allurar rigakafi da shaye-shaye da zaman lafiya, akwai na siyasa. Kuma haɗin gwiwar da muka gani a zauren Jankiɗi tana nan, sai dai ta sauya kama: da amana da zaman tare suke riƙe ta, yanzu kuɗin zama ɗaya ne yake haɗa mutane ya raba su.

A nan matsalar take. Wani yaro ɗan 'yar'uwata ya tara kuɗin aikin gini ya tafi wani sitidiyo a birni da gwajin waƙarsa a waya. Aka saurara, aka ce ya bar ta ya dawo bayan sati biyu. Ya dawo aka ce na'ura ta lalace. Bayan wata uku ya ji karinsa da rabin baitocinsa a bakin wani. Ba shi da takarda, ba shi da shaida, sai hawaye. Ban faɗi wannan don in ɓata masu sitidiyo ba, domin mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Na faɗa ne don mu ga cewa yaranmu suna shiga kasuwar da ba su san dokarta ba.

Doka kuwa tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai waƙa haƙƙi a kan aikinsa da zarar an rubuta shi ko an ɗauke shi, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sautin da aka ɗauka kuma yana da nasa haƙƙi na shekara 50. Sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Bisa wannan lissafi, magadan Jankiɗi suna da abin cewa a kan waƙoƙinsa har 2043, na Ɗanƙwairo har 2061. Ku shiga YouTube ku ga yawan masu sauraren waɗannan bayin Allah, sannan ku tambayi kanku ko wani abu yana isa Rawayya ko Maradun.

Akwai kuma asarar harshe. Makaɗanmu na da sun yi waƙa da karin harshenmu na Zamfara, ba su ji kunyarsa ba, kuma da shi suka ci ƙasar Hausa. Yau yaronmu yana shiga sitidiyo sai ya aje harshen uwarsa a bakin ƙofa, ya ari na wani, wai don a saya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da zai bambanta shi da dubban mawaƙa shi ne ainihin abin da yake jefarwa.

Maganar mutunci da addini

Ba zan kauce wa abin da ke zukatan wasunmu ba. Mun taso a al'ummar da take jin daɗin waƙa amma take ƙyamar ɗanta ya zama mawaƙi. Jiharmu, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ita ce ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma malamai suna da maganganu a kan kayan kiɗa waɗanda ni ban isa in yanke hukunci a kansu ba. Abin da na sani shi ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi amfani da waƙa wajen karantar da jama'a, kuma babu wanda ya yi saɓani a kan munin batsa da cin mutunci da ƙarya. Saboda haka, in mun juya wa yaranmu baya, ba za su daina waƙa ba. Za su yi ta ne ga duk wanda ya biya, ko da ɗan siyasar da yake son a zagi abokin hamayyarsa ne. In mun jawo su jiki, muna da bakin yi musu gyara.

Abin da ya rage gare mu

Ya shugaban taro, ina da shawarwari biyar, kuma babu wadda ta fi ƙarfin wannan ƙungiya.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti da zai tattara tsofaffin kaset-kaset da faya-fayi daga gidajenmu, a juye su zuwa kwamfuta, a mayar wa kowa nasa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna irin wannan zare da kayan gyaransu za su yi ƙaranci ƙwarai wajen 2025. Wa'adin ya riga ya iso. A rubuta sunan makaɗi da garinsa da wanda aka yi wa waƙa a kan kowace ɗauka, a ajiye kwafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wani kuma a fadodin sarakunanmu.

Na biyu, a nemi tsofaffin 'yan amshi da sanƙirori da makaɗan noma da na maƙera da mata masu waƙar daka da niƙa, a yi hira da su a ɗauka. Da yawansu rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, suna zaune a gefen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba wanda ya san abin da ke ƙirjinsu. Akwai ƙauyen da ya tashi, wanda sunayen gidajensa da fadamunsa ba su rage ko'ina ba sai a cikin waƙa. Wannan ita ce amsata ga mai tambayar farko.

Na uku, lauyoyin da ke cikinmu su tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wadda mawaƙi da mai kiɗa da mai amshi za su riƙa sa wa hannu kafin a fara aiki, a fayyace na wa ne me, kuma yaya za a raba abin da aka samu. Su kuma taimaka wa iyalan tsofaffin makaɗa su san haƙƙinsu.

Na huɗu, masu hali su taimaka wa sitidiyon da yaranmu suka buɗe a gida da kayan aiki da wutar sola da horo, don kada sai an je Kano ko Kaduna kafin a fitar da waƙa mai kyau.

Na biyar, mu da muke ba da kuɗi a yi mana waƙar biki ko ta sarauta, mu riƙa ba da kwatankwacinsa a yi waƙar makaranta da noma da sulhu. Kuma mu biya mawaƙi haƙƙinsa cikin mutunci, ba sai ya yi sati yana zarya a ƙofar ofis ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, sarakunan da Jankiɗi da Ɗanƙwairo suka yi wa waƙa sun ba da dawaki da riguna, dawakin sun mutu, rigunan sun ƙare, amma sunayensu suna nan a bakin yaran da ba su taɓa ganinsu ba. A yau babu fada ɗaya da za ta iya ɗaukar nauyin makaɗa kamar da. Nauyin ya dawo kanmu, mu da Allah ya ba ilmi da albashi da kasuwa a birane. Ina roƙon kowa, in ya koma gida hutun salla mai zuwa, ya buɗe ɗakin mahaifinsa ya duba kwalin nan tun gara ba ta riga shi ba, ya kawo wa kwamiti abin da ya samu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya ƙara wa sarakunanmu lafiya da adalci, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, a gafarce ni.